Ranar da na kalli Jos da salla

Ni dai Allah bai hore mini gane hanya ba. Wurin aiki suka aike ni Tudun Wada da takardu. Na karya daidai a Kwanar Ɗangora, amma na zarce, sai ga ni tsakiyar Dajin Falgore, hanyar Doguwa. Waya babu sabis, hadari ya rufe rana, la'asar tana neman kuɓuce mini.

Na yi kirdadon gabas na kabbara. Ina sallamewa wani dattijo makiyayi ya ce, "Malam, ai Jos ka kalla."

A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi ƙoƙari amma ya kuskure alƙibla, an so ya sake matuƙar lokaci bai fita ba. Ya nuna mini da sandarsa, na sake, yana tsaye yana gadina. Takardun kuwa sai washegari suka isa.