Wasiƙa daga Las Vegas: Jarin Ɗan Karta

Zuwa ga ƙanena Habu,



Ka tambaye ni ko da gaske akwai masu cin abinci da karta a garin nan. Akwai, sai dai ba su kai yawan da bidiyon wayarka ke nuna maka ba. Tun 1931 jihar Nevada ta halatta caca, kuma tun 1970 ake gasar wasan karta na foka ta duniya a nan, wadda kuɗin shiga babban zagayenta dala 10,000 ne. A 2003 wani akanta, Chris Moneymaker, ya samu gurbi ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya tashi da dala miliyan 2.5. Tun daga lokacin kowane ɗan albashi yake ganin shi ma rabonsa na tafe. Irinsu nake kwasa a tasi da tsakar dare.

Ni dai ka san ba na kusantar tebur, haram ce, babu ja. Amma ina da maƙwabci, dattijo ɗan fansho, da yakan yi wasa daren Juma'a, kuma a bakinsa na ji muhawarar da ke tsakanin masu wasan: yaushe ya kamata mai yi don nishaɗi ya ware jarin wasa daban, kamar 'yan sana'ar?

Ƙa'idar 'yan sana'ar ita ce ka tara kuɗin zama sau ashirin zuwa talatin. A ƙaramin tebur ana zama da dala 300, ka ga jarin ya kama dala 6,000 zuwa 9,000 ke nan, kuɗin da ba a taɓa shi don haya ko cefane. Dalilinsu mai ƙarfi ne: gwani ma yakan yi makonni karta na juya masa baya, idan aljihunsa bai da zurfi sai ya karye kafin ta dawo. Duk ɗan Kantin Kwari ya san ba a haɗa uwar kuɗi da na tuwo.

Inda lissafin ke ɓaci shi ne kamashon gida. A kowane zagaye gidan caca na cire kashi goma cikin ɗari na abin da aka zuba, har zuwa wajen dala biyar, wanda ya ci kuma ya miƙa wa mai rabon karta tukuicin dala ɗaya. Ana yin zagaye kusan talatin a awa. Ko da mutum tara da ke zaune ƙwarewarsu ɗaya, dukkansu raguwa suke yi. Saboda haka a ganina, wanda bai tabbatar yana ci ba, ware masa jari ba ya hana asara, jinkirta ta kawai yake yi, ya kuma sa shi jin kansa ɗan kasuwa.

Dattijon ya nuna mini ɗan littafinsa: kwanan wata, awa nawa ya zauna, nawa ya shiga da shi, nawa ya fita da shi. Asara da jan biro yake rubutawa, kuma jan ya rinjayi baƙin. Ya ce sai mutum ya tara ɗaruruwan awoyi a rubuce yana kan riba kafin ya yi zancen jari, domin ƙwaƙwalwa daren ci kaɗai take riƙewa. Shi yanzu a ambulan yake sa dala 300 duk farkon wata, ya bar katin banki a gida. In ta ƙare, sai wani watan.

Na turo kuɗin makarantar Zainabu ta hannun Kawu, ka duba ka sanar da ni. Ka gaida Inna sosai, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Naka yaya,
Lawal