Bindigar Kawu da hatimin da ban duba ba

Ni na sa aka raba gadon kawuna bisa kuskure, kuma da bakina na yi, ba wanda ya tilasta ni. Cikin abin da marigayi ya bari akwai bindiga mai baki biyu wadda duk gidan sun san labarinta: wani Bature da kakanmu ya yi wa aiki zamanin En'e ne ya bar masa ita da zai koma gida. Da malam mai rabon gado ya ce sai an ƙiyasta kuɗin komai, aka ce a kira ni, tunda na yi karatu a Ingila kuma ba na gajiya da ba da labarin ƙasar.

A kan siririn ƙarfen da ya raba bututun biyu an zana W. Richards, London. Ina gani na ce magana ta ƙare. Na san Westley Richards, kamfanin Birmingham da aka kafa a 1812. Na san a da suna da shago a New Bond Street a Landan, saboda haka sunan birnin bai ba ni mamaki ba. Har na ba magada labarin William Anson da John Deeley, ma'aikatan kamfanin da suka ɓoye gudumar bindiga a cikin cikinta a 1875, na ce tunda tamu gudumominta a waje suke, tsohuwar hannu ce, kuma tsufa kuɗi ne. Tarihin kamfanin da na zuba gaskiya ne, sai dai bai shafi bindigar da ke gabana ba. Na yanke mata kuɗin da ya yi daidai da filin Kawu na bayan gari. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya ce shi a bar masa bindigar ubansa, ƙannensa su ɗauki filin.

Asiri ya tonu lokacin da Yaya ya je mayar da lasisi da sunansa, ya kai ta wurin wani tsohon saje da ya yi shekaru yana kula da ma'ajin makaman 'yan sanda, don a goge ta. Ina wurin. Dattijon bai ko kalli rubutun sama ba. Ya cire katakon gaba, ya raba bututu da jiki, ya kife shi, ya shafa ƙasan da babban yatsa.

"Ɗana, ka duba nan kafin ka yi magana?"

"Ban san ana duba nan ba, Baba."

"To, 'yar Beljiyam ce."

Wani ɗan hatimi ne mai siffar ƙwai, da haruffa E L G a ciki, da kambi a samansa. Hatimin gidan gwajin bindigogi na birnin Liège ke nan, kuma kambin na nufin daga 1893 zuwa gaba aka buga shi. Ba tsufan da na ce, ba ƙasar da na ce.

Abin da ya kamata in sani shi ne, sunan da ke saman bindiga duk mai guduma da kurfi na iya zana shi, amma hatimin ƙasa hukuma ce ke bugawa. A Ingila ba a sayar da bindiga sai ta ratsa gidan gwaji, inda ake ɗura mata albarushi fiye da kima a harba, in bututu bai fashe ko ya kumbura ba a buga masa alama. Na Landan yana hannun ƙungiyar maƙeran bindiga da ta samu izinin sarauta a 1637, na Birmingham kuma an kafa shi a 1813 a Banbury Street, kuma dokar 1868 ta haɗa su a tsari ɗaya. Tsohuwar bindigar da aka gwada a Landan tana ɗauke da GP da V, kowanne ƙarƙashin kambi. Ta Birmingham kafin 1904 sandunan sarauta biyu ne a gicciye. Maƙeran Liège sun iya aiki, wasu bindigoginsu ba sa jin kunyar na kowa, amma a ƙarshen ƙarni na 19 sun kuma zuba masu araha a kasuwannin duniya da sunaye masu kama da na Ingilishi, kuma W. Richards na cikin waɗanda aka fi bugawa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, akwai W. Richards na gaske a Liverpool, kamfani daban da Westley Richards. Wato suna ɗaya, hanya uku, ni kuwa na zaɓi mafi tsada saboda ita na fi so ta zama gaskiya. Kowa a falon da aka yi rabon haka yake so, ni kuma ina jin daɗin yadda ake saurarena.

Daga baya da na zauna na bi abin, na ga ko da hatimin Ingila na tarar, aiki bai ƙare ba. Hatimi yana faɗin inda aka gwada da zamanin da aka gwada, ba ya faɗin wanda ya ƙera. A unguwar maƙeran bindiga ta Birmingham, kusa da cocin St Mary, a wancan zamanin aikin a rarrabe yake: wani bututu, wani jiki, wani ya sassaƙa gindi da katakon gyaɗar Turawa, wani ya yi zane. Dillalai su saya su buga sunansu. Shagon Army & Navy na Landan, inda hafsoshi da ma'aikatan mulkin mallaka ke sayayya, bai ƙera bindiga ba, akasari daga Birmingham yake sarowa, kuma littattafan cinikinsa suna ajiye a Jami'ar Glasgow. Manyan gidaje irin su Purdey, da aka kafa a 1814, da Holland & Holland na 1835, suna da kundin da za a nemi lambar bindiga a ga yaushe aka yi ta, kuma wa aka yi wa. Sannan ta gasken ma tana iya zubar da daraja: an kankare cikin bututu har ya yi siriri ya fita daga ma'aunin gwaji, ko an yanke shi an cusa sabo, ko an sake gindi. Lambar da ke bututu da ta jiki da ta katakon gaba dole su zo ɗaya. Ko wannan ban duba ba.

Akwai abin da ya fi asarar fili tayar mini da hankali. Na gaya wa Yaya bindigar Ingilishi ba ta tsufa, shi kuma har ya fara neman harsashi. Bututun nata irin wanda ake kira Damaskas ne, ƙarfe biyu da aka murɗa aka naɗe aka haɗa da wuta, shi ya ba ta zanen nan mai kama da igiyar ruwa da na yi ta yabo. An yi shi don baƙin albarushi, tsatsa kuma kan shiga tsakanin naɗin inda ido ba ya gani. Ramin harsashinta milimita 65 ne, harsashin kasuwa na yau mafi yawa 70. Saje ya ce da Yaya ya harba, zai iya rasa yatsun hannun hagu, don daidai nan mutum ke riƙewa.

Na nemi a sake tara magada, na faɗi abin da na yi a gaban malam, ba tare da na ɗora wa Bature ko maƙeran Liège ba. Wa ya sani ma, wataƙila shi Baturen da saninsa ya sayi mai araha don harbin zabi a rangadi. Malam ya ce ƙiyasin da aka gina a kan kuskure ana warware shi, amma an riga an sayar da rabin filin an kashe kuɗin a aurar da auta. Ƙannen suka mayar wa Yaya kasonsa daga rabin da ya rage, ni kuma na ɗauki cikon a wuyana, ina biya duk wata daga albashi. Ɗaya daga cikin matan har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu. Bindigar kuwa Saje ya cire mata alluran da ke dukan harsashi, bisa roƙon Yaya.