Masu Yankan Fim da Masu Zane da Kwamfuta

Mu da muke zirga-zirga tsakanin Sabon Gari da Samaru lokacin hutu mun saba ganin samari iri biyu a ƙananan shaguna. Akwai masu yankan fim. Su ɗauko fim ɗin Indiya mai awa uku, su cire inda labari ya yi sanyi, su haɗa faɗace-faɗacen wuri ɗaya, wani lokaci su ɗora muryarsu da Hausa don abokai su yi dariya. Akwai kuma masu zane da kwamfuta, musamman a shagunan da ke kusa da Jami'ar Ahmadu Bello a kan hanyar Sakkwato. Su ne ke tsara katin biki da kalanda da bangon littafi, in aiki ya lafa kuma su zana abin da ransu yake so. Mutane sukan ce na farko wasa suke yi, na biyu ne masu sana'a. Amma mu da muka duba da kyau, mun ga jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Abu na farko da ya haɗa su shi ne ƙarancin kayan aiki. Yayyenmu sun ba mu labari cewa a shekarun 1990 mai son yanka fim sai ya nemo bidiyo biyu, ɗaya tana nunawa, ɗaya tana ɗauka, yatsansa a kan maɓallin tsayarwa. In ya makara kaɗan, sai ya koma baya ya sake. A lokacin ne CorelDraw, wadda ta fito a 1989, da Photoshop ta 1990, suka fara shigo wa masu zane. Yanzu da yawa sun koma waya: wannan da CapCut, wancan da PixelLab, dukansu suna tsere da batir kafin ya mutu.

Ba a nan kaɗai ake haka ba. A Turai, tun shekarun 1980, wasu matasa suka riƙa gasar haɗa zane mai motsi da kiɗa a kan Commodore 64, kwamfutar da ƙwaƙwalwarta kilobayit 64 ce kacal. Suna kiran aikinsu demo. Har yanzu sukan yi gasar da ba a yarda aiki ya wuce kilobayit 64 ba, wata ma 4, alhali hoto ɗaya na wayarmu ya ninka haka sau da yawa. A 2020 ƙasar Finlan ta sa wannan al'ada cikin jerin abubuwan gadonta. Ashe rashin kaya ba ya hana gwaninta, yakan ma wasa ta.

Abu na biyu shi ne yadda suke koyo. Yawancinsu ba a aji suka koya ba. Yaro ya tsaya a bayan wanda ya iya, ya kalla, ya yi tambaya, ran nan a ba shi kujera ya gwada. In ya gama ya nuna wa abokai, su kuwa ba sa ɓoye masa gaskiya. Ido ɗaya kuma suke horarwa. Mai yankan fim yana koyon inda zai tsaya, mai zane yana koyon inda zai bar fili. Dukansu sun san cirewa ta fi ƙarawa wuya.

Abu na uku, dukansu suna ɗaukar abin da suka tarar su sāke masa kama. A Amurka wani mai suna Mike J. Nichols ya ɗauki fim ɗin Star Wars na 1999, ya cire kusan minti 18 da ya ga sun ɓata labarin, aikin ya bazu da sunan The Phantom Edit. A Kano, Algaita ta yi suna wajen juya fina-finan Indiya zuwa Hausa. A nan Zariya kuma, a 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ce za su haɗa dabarun Turawa da zanen gargajiyar iyayensu. Waɗannan sun ari dabara, amma abin da suka zana nasu ne.

To, a nan gizo ke saƙa. Mai zane yakan yi fushi in wani ya ɗauki aikinsa, ya goge sunansa, ya sa nasa. Amma shi ma hoton da ya yi amfani da shi, daga intanet ya kwaso bai tambayi kowa ba. Mai yankan fim yakan rubuta laƙabinsa a tsakiyar allo, ya datse sunayen waɗanda suka sha wahalar yin fim ɗin. In kuma aka sayar, mai guminsa bai ga ko kwabo ba. Tun daga Turmin Danya na 1990 masu fim ɗin Hausa suke zuba kuɗinsu, kuma sun daɗe suna kuka da masu satar fasaha. A 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, amma ko ba doka, kowa ya san zafin a ɗauke masa abinsa.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, ga shawararmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: masu yanka da masu zane na wannan makaranta su haɗa kai. Muna da wasan kwaikwayo, da gasar guje-guje, da ranar ba da kyaututtuka. Mu ɗauki hotunanmu da kanmu, wasu su yanka, wasu su zana bango da rubutun farko. In mun ari wani abu, mu nemi izini, mu kuma rubuta sunan mai shi a fili. Kayan aro ba ya rufe katara. Muna roƙon malamanmu da iyayenmu su leƙo su ga abin da muke yi, su gyara mana inda ya karkace.