Na Gani Da Idona, Ashe Ban Gani Ba

Yau labarin kaina zan ba ku, ko da ya ke akwai kunya a ciki.

Ran nan na tashi daga Aliero da kuɗin albasa, na tafi kasuwar Jega sayen kayan ɗakin ɗiyata. Da hantsi, ina cikin ciniki, sai na ji an fizge mini lalita. Na waiwaya, na ga bayan mutum ya kutsa cikin jama'a. Iyakar abin da na gani ke nan.

Bayan azahar aka riƙo wani saurayi. Maƙwabciyata ta ce, "Yaya, ba wannan mai jar hular ba ne?" Na dube shi, na ce shi ne. Da dare na kwanta ina ta juya abin a zuciya, kafin gari ya waye har ina ganin fuskarsa sarai, yana fizgar lalitar. Gaban alƙali ban yi ko ɗar ba, na ce da idona na gan shi.

Ashe yaron mutumin Maiyama ne, gero ya kawo. Direban motarsu da fasinja biyu suka shaida ba su iso Jega ba sai da aka kira azahar. Kwana tara ya yi a tsare kafin a sake shi. Daga baya aka kama ɓarawon da lalitata, wani mai gemu ne, ya haifi wannan yaro. Uwar yaron ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, me ɗana ya yi miki?" Na rasa bakin magana.

To, ba ƙarya na shirya ba. Masu ilmi sun bincika, sun ce tunawa ba kamar hoto ba ce, da za a ajiye a adaka a ɗauko yadda ya ke. Duk sa'ad da mutum ya tuna abu, sāke haɗa shi ya ke yi, abin da ya ji daga bakin wasu sai ya shige ciki bai sani ba. Tsoro da gaggawa kuma suna rage abin da ido ke riƙewa.

A 1974 wata malama a Amurka, Elizabeth Loftus, ta nuna wa ɗalibai 150 sinimar karon motoci. Aka tambayi 50 gudun motocin sa'ad da suka "ragargaji" juna, wasu 50 kuwa aka ce "bugi" juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Na farko 16 suka ce sun gani, na biyu 7. Alhali babu gilashin ko kaɗan. Kalma ɗaya ta jawo wannan, kamar yadda jar hula ta yi mini.

A can Amurka kuma, a 1984, wata ɗaliba, Jennifer Thompson, ta nuna Ronald Cotton ta ce shi ya shiga ɗakinta ya ci mutuncinta. Ya fi shekara 10 a kurkuku, sai a 1995 gwajin DNA ya wanke shi. Ita ma ta sakankance, kamar ni.

Saboda haka ga shawarata. In abu ya faru gabanki, ke mai ilmin rubutu, rubuta abin da kika gani nan take, tun ba ki yi zancen da kowa ba. Ki rarrabe abin da kika gani da abin da aka gaya miki. In an kai ki gaban shari'a, kada ki ji nauyin cewa, "Ranka ya daɗe, ban tabbata ba." Wannan ba gazawa ba ce, gaskiya ce.

Na je Maiyama na roƙi gafara, sun yafe, amma kwana taran nan ba ni da ikon mayar masa. Allah ya kiyashe mu ɗaukar alhakin wani. Sai mako mai zuwa.