Mayar Da Yaro Arewa Ba Shi Ne Magani Ba



Cikin matsalolin da ake kawo wa kwamitin ƙungiyarmu a nan Legas, akwai guda da ke yawan maimaituwa. Yaro ya fara ɗauke-ɗauke a shago, ko ya daina fita nema, ko an tsince shi kwance bai san inda kansa yake ba. Idan aka bincika sai a tarar tiramol yake sha ko kodin. Buƙatar da ubangidansa ko yayansa ke zuwa da ita kusan ɗaya ce: a haɗa kuɗin mota a mayar da shi gida. Mun san kunya ce da gajiya ke sa haka. Amma mun ga waɗanda aka sa a mota, bayan 'yan watanni suka dawo sun fi da lalacewa, domin ƙwayar da aka raba su da ita a nan tana can gida tana jiransu.

Da yawansu ba neman maye ya kai su ba. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 yana so ya ƙara sauke buhu goma, mai gadi yana so ya kai asuba, ɗan acaba bayansa na ciwo. Sai aboki ya miƙo ƙwaya ɗaya. Tiramol da kodin dangin magungunan kashe zafin ciwo ne masu ƙarfi, kuma jiki na saurin sabawa da su. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai, amma wadda ake sayarwa a ɓoye tana kai 225. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin waɗannan magunguna ba da umarnin likita ba. Don haka ba gidanku kaɗai ba ne.

Ga abin da za a lura da shi. Ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, yana gyangyaɗi ana cikin hira, yana yawan susa, bayan gida na yi masa wuya, kuɗi ba sa zama a hannunsa. Idan kuma bai samu ba, sai hamma, majina, hawaye, gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci. Mutane kan ɗauka zazzaɓi ne. Wannan azabar ce ke mayar da shi ga ƙwayar ko ya yi rantsuwa da Alƙur'ani zai bari. Tiramol mai yawa kuma tana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, har a ce iska ce ta taɓa shi.

Idan an same shi numfashinsa na fita da ƙyar, yana wani irin minshari, an girgiza shi bai farka ba, kada a ce a bar shi ya yi barci, kada kuma a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin ƙwayar idan an yi hanzari.

Magani na kusa da mu. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba da na Aro a Abeokuta duk suna da sashen masu fama da shaye-shaye. Zuwa can ba ya nufin yaronka ya haukace. Likita zai sauƙaƙa masa wahalar kwanakin farko, sannan a ci gaba da ba shi shawara na tsawon watanni. Hukumar NDLEA ma tana da layin neman taimako kyauta: 0800 1020 3040. Addu'a da nasiha wajen malam suna da muhimmanci, a haɗa su da asibiti. Amma mari da bulala ba sa fitar da ƙwaya. Ba mu manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka kuɓutar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya sani: wanda ya daina na ɗan lokaci, jikinsa ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba. Idan ya koma ya sha kamar da, zai iya rasa ransa. Shi ya sa bayan sallama daga asibiti yake buƙatar wanda zai sa masa ido, da sana'ar da za ta riƙe shi. Idan ya zame, a sake kai shi, kada a yanke ƙauna.

Duk wanda ke da irin wannan a gida ko a shago, ya samu ɗaya daga cikin shugabanni a keɓe. Za mu rufa asiri, mu nemi wanda zai raka ku asibiti. Mu baƙi ne a garin nan, idan ba mu riƙe 'ya'yanmu ba babu mai riƙe mana su.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya