Esi a kan rufin tirela: kwana biyar a hamadar Arizona

Idan ka baro birnin Phoenix ka nufi yamma a kan babbar hanya mai lamba 10, bayan kamar kilomita 200 za ka iske wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite, saura kaɗan ka shiga Kalifoniya. A ƙidayar 2020 mutanen garin ba su kai 2,500 ba. Amma je ka a watan Janairu ka sha mamaki. Duk inda ido ya kai, gidaje ne masu taya shimfiɗe a cikin tsakuwa da ƙaya: manyan motoci masu ɗaki da falo, tsofaffin bas na 'yan makaranta, da ƙananan tireloli da a-kori-kura ke ja. Yawancinsu tsofaffi ne da suka gudo wa ƙanƙarar arewacin Amurka da Kanada, sai kuma 'yan kasuwa da suka biyo su, don duk inda jama'a ta taru, ɗan kasuwa ba ya jiran gayyata. Ana sayar da duwatsu masu daraja, kayan gwanjo, da duk wani abin da gida mai taya ke buƙata.

Garin yana da tsohuwar alaƙa da matafiya. A maƙabartarsa akwai kabari da aka gina wa 'yar dala, da siffar raƙumi a samanta. Na Haji Ali ne, mutumin daular Usmaniyya, ɗaya daga cikin waɗanda sojojin Amurka suka ɗauka aiki lokacin da suka fara shigo da raƙuma a 1856 don gwada su a wannan hamada. Turawa suka kasa faɗin sunansa, suka mayar da shi Hi Jolly. A nan ya rasu a 1902. Na tsaya na yi masa addu'a, baƙo ga baƙo.

Ni duwatsun wuya na Krobo da kwandunan Bolga na kawo daga Kumasi, zan kai babbar kasuwar duwatsu ta Tucson da ke ci daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, inda 'yan Afirka ta Yamma ke da filinsu na musamman. Mai masaukina ƙanin maiɗakina ne, ya daɗe a ƙasar. Ba shi da shago. Kasuwa yake bi jiha zuwa jiha da jakunkunan fata, azurfar Agadas, man kaɗanya da sabulun salo. Kuɗin otal ne ya ishe shi, ya sayi tirelar ɗaukar kaya. Kada mai karatu ya hango tirelarmu ta dakon siminti. Wannan akwatin ƙarfe ne mai taya huɗu, faɗi ƙafa 7, tsawo ƙafa 16, ba taga, ƙofa ɗaya a gefe, babba a baya. Ya raba ta biyu, baya kaya, gaba gado da wurin salla.

A Janairu ba abin da ke damun mai irin wannan ɗaki sai sanyin dare, bargo biyu ya wadatar. Matsalar tana gaba. Cinikinsa mai ƙarfi na lokacin zafi ne, a bukukuwan baƙaƙen fata na jihohin kudu, Texas, Louisiana da Jojiya, musamman wajen 19 ga Yuni da suke tunawa da 'yanta bayi. Duk wanda ya taɓa shiga kwantena a Tema ko Kwatano da azahar ya san abin da nake nufi. Man kaɗanya ya narke ya bi robobi, fata ta yi wari, shi kansa mai kayan ya kwana yana juyi, gari ya waye ya tsaya awa goma a rumfa.

“Yaya, bara a Houston sai da na koma kwana a mota da inji a kunne,” in ji shi. “Bana ko na sa esi, ko na bar kudu.”

Shi ya sa muka biyo ta Quartzsite, inda kayan aikin suke a baje, masu sanin aikin kuma suna zaune ba abin da suke yi. Muka sauka a filin gwamnatin tarayya da ke wajen gari, inda ake barin mutum ya yi kwana 14 kyauta, ba ruwa ba wuta. Maƙwabcinmu wani dattijo ne Bature, tsohon mai wayarin da ya yi ritaya. Da ya ga kwalin esi a ƙasa sai ya jawo kujerarsa, tun daga nan ya zama ogan aikin. Shayi kawai ya karɓa.

Esin rufi daban yake da wanda muka saba gani, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke kira kilim. Dunƙule yake guda ɗaya, yana zama a kan rufi, iska na sauka ta wata kafa mai kusurwa huɗu, inci 14 da ɗan ɗoriya kowane gefe. Kusan duk kamfanonin wannan awon suke bi. Namu mai ƙarfin BTU 13,500 ne, nauyinsa ya haura kilo 30. Rufin tirelar kaya kuwa fallen ƙarfe ne siriri a kan 'yan sanduna masu tazarar inci 24, ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Ranar farko gaba ɗaya a nan ta tafi. Aka ƙara sanduna biyu tsakanin na asali, aka zagaye kafar da katako, aka ɗan ɗaga wurin yadda ruwan sama ba zai kwanta a gindin na'urar ba. Aka lika farantan soso mai tauri a bango da rufi, don in babu su, rana ce za ta cinye sanyin kafin ya iso gare ka. Sannan mu huɗu muka tura esin a kan tsani, yana cikin kwalinsa. Noti huɗu dogaye ne ke riƙe shi daga ciki, suna matse wani soson roba da ke ƙarƙashinsa. Dattijon ya hana a matse har ƙarshe. Kamar rabin kaurinsa ake so, in ya wuce haka robar ta mutu, ɗigon ruwa ya biyo baya.

Zancen waya shi ne ya sa na ɗauko biro. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu a Gana, Nijeriya da Nijar 220 zuwa 230. Ma'anarsa, na'urar da ke cin wat 1,500 za ta ja amp 6 da wani abu a gida, a can kuwa kusan 13. Ƙarfin da ke bi ta cikin waya ya ninka, dole waya ta yi kauri. Su kuma lambar wayarsu a juye take: in lamba ta yi ƙasa, waya ta fi kauri. Lamba 14 ta amp 15 ce, ba ta isa ba. Esi lamba 12 yake so, wadda ta ɗan fi tamu mai 2.5 kauri, da bireka tasa shi kaɗai mai amp 20, ba soket ko fitila ɗaya a kan layin. Daga bakin shigar wuta a jikin tirela zuwa akwatin bireka kuwa lamba 10 aka ja, don amp 30 ke bi ta nan.

Dattijon ya zaɓi waya mai silli-silli maimakon mai ƙarfe ɗaya ta gidaje. Hujjarsa, gida ba ya tafiya, tirela kuwa kullum cikin girgiza take. Duk inda waya ta ratsa sandar ƙarfe sai da ya sa zoben roba a hudar. Ya ce kaifin ƙarfe ba ya yanka waya yau, a hankali yake cin rigarta kilomita bayan kilomita, a bayan silin inda ba mai gani. Launi uku ne: baƙa mai wuta, fara mai mayarwa, koriya ta ƙasa, wadda masu wayarin namu ke kira at. Nan ma a kula, ba launukanmu ba ne. A tsohon wayarin gida baƙa ce mai mayarwa, a can ita ce mai kisa.

Da ya buɗe akwatin bireka da surukina ya sayo, irin na gidaje, sai ya nuna mana wani ɗan koren noti da ake ɗaurawa don haɗa layin fara da jikin akwatin. Ya cire shi ya jefa a aljihu. A gida ana haɗa fara da koriya a babban akwati, wuri ɗaya tak. Tirela kuwa reshe ce, haɗin yana can a tushen wutar da ka jona. In ka sake haɗa su a ciki, wani kaso na wutar da ke komawa zai riƙa bi ta jikin tirelar. In kuma aka yi rashin sa'a soket ɗin da ka jona an juya masa waya, duk akwatin ƙarfen ya zama wuta. Ita koriyar, an ɗaure ta tamau da kwarangwal ɗin tirela, bayan an kankare fenti har ƙarfe ya fito fari.

A nan na yi shiru ina lissafi. Tirela a kan tayar roba take zaune, wutar da ta zubo jikinta ba ta da hanyar sauka ƙasa. Sai mutum ya fito da asuba ya yi alwala, ƙafa a jiƙe, takalmi ɗan silifa ko babu, ya kama mariƙin ƙofa. Shi ne ya zama hanyar. Mu da muke taɓa ruwa sau biyar a rana mun fi kowa shiga wannan hatsari. Na tuna shagunan kwantena nawa na shiga a zangonninmu, an ja musu waya biyu kacal daga maƙwabci, mai shago yana dariya yana cewa ƙofar tana ɗan cizo in an yi ruwa. A ganina wannan cizon ba abin dariya ba ne, kuɗin wayar at da sandar ƙasa bai kai ribar yini guda ba.

Wani gargaɗin dattijon ya shafi masu kwana a gidajen 'yan uwa, wato mu ke nan. Fulogin tirela mai amp 30 yana kama da na tsohuwar na'urar busar da tufafi da ke gidajen Amurka, amma waccan volt 240 ce. Akan samu mai wayarin da bai san tirela ba ya ja maka soket a gareji da 240. Kana jonawa, esi da firiji da caja duk sun tafi. Ya sa surukina ya sayi 'yar na'urar gwaji da ake maƙalawa tsakanin soket da fulogi. Tana duba juyin waya da rashin at, tana kuma yanke wuta in ƙarfinta ya faɗi ƙasa sosai, don raunin wuta yana ƙona kwamfireso kamar yadda yawanta ke yi. Wannan darasin kam mu ba sai an koya mana ba.

Amp 30 a volt 120 wat 3,600 ke nan, shi ne duk jarin da kake da shi. Esi ya ɗauki kusan rabi. Butar shayi mai lantarki ta ɗauki amp 12 da rabi. In ka ƙara dutsen guga, bireka ta faɗi. Surukina ya tambayi sola. Dattijon ya ce batir ɗin litiyam mai amp-awa 100 a volt 12 bai kai ya riƙe wannan esin awa ɗaya cur ba. Sola ta fitila ce da fanka da firiji, sai in kana da kuɗin cika rufi da faifai da ƙasan gado da batir.

Saura janareta. Nasa ƙarami ne, wat 2,200. Wannan ya isa ya riƙe esin in yana tafiya, amma a daidai tashi kwamfireso yana fizgar amp 50 ko fiye na ƙiftawar ido, sai janareta ya shaƙe. Maganin wani ɗan akwati ne da ake haɗawa a cikin esin a kan rufi, yana sa kwamfireso ya tashi a hankali. Rana ta huɗu aka haɗa shi. Muka ja janaretan nesa, bayan iska, saboda hayaƙinsa da ba ya wari yana kashe mai barci. Aka kunna. Injin ya ɗan yi nishi, ya daidaita, iska mai sanyi ta sauko a kan mutum huɗu da ke sanye da rigunan sanyi. Dattijon bai kalli esin ba ma. Mita ya ɗauka ya fita, ya soka tsinke ɗaya a ƙasa mai laima inda muka zubar da ruwa, ya dangwala ɗayan a mariƙin ƙofa, sannan a matakala, sannan a ƙugiyar ja. Washegari muka biya kuɗin kwana ɗaya a wani sansani mai wuta a cikin gari, ya biyo mu ya sake gwajin daga farko. Sai a nan ya ce an gama.

Wani ɗan uwa da na ba labarin a waya ya ce in taho masa da irinsa don shagonsa. Na hana shi. An ƙera shi ne don volt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, wutarmu kuwa bugu 50 ce. Taransifoma za ta rage volt, ba za ta gyara bugu ba. Esi mai raba biyu da ke kasuwar Kumasi ko Lome ya fi arha, ya fi shiru, ga masu gyaransa a kowane lungu. Su kansu Amurkawa wasu sun fara maƙala irinsa a gaban tirelolinsu. Na rufi amfaninsa shi ne ba ya cin wurin kaya, kuma an yi shi don jure hanya.

Kafin mu tashi, surukina ya auna sabon tsayin tirelar, wanda ya ƙaru da kusan ƙafa ɗaya, ya rubuta a takarda ya manna kusa da sitiyari saboda gadoji da rumfunan gidan mai. Daga Quartzsite zuwa Tucson kusan kilomita 400 ne. Da muka isa, kafin mu sauke kwando ɗaya, ya cire murfin silin ya sake duba notin nan huɗu kamar yadda dattijon ya ce. Biyu sun ɗan saki, ya ƙara musu rabin juyi.