Yadda jirgin Lome ya raba mu da uwar ƴan biyu

 Masu bin shirinmu na safe sun lura kwana goma ba su ji muryarmu ba, har wasu sun yi ta bugo waya suna tambayar ko lahiya. Lahiya lau. Tahiya ce ta kama mu zuwa Lome, mu da uwar ƴan biyu da ƴan biyun kansu, Hassan da Husaina, masu wata bakwai. Kullum labarin mutane muke ba ku, yau ga namu.

Surukinmu Alhaji ya fi shekara talatin yana kasuwanci a Lome, gidansa na Zangon Agoè. Tun da anka haifi yaran bai gan su ba sai ta WhatsApp. Ciwon suga ya kwantar da shi, ƙafa ta kumbura, ranar nan a waya ya ce da ɗiyarsa: "Ku kawo mini su in taɓa su da hannuna." Wanda ya zauna da tsoho ya san irin wannan magana ba a jinkirta ta.

Da can hanyar a sarari take: Maraɗi, Doso, Gaya, ka haye gadar Malanbil, ka gangara Kotonu, sai Lome. To tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar ta rufe, kuma lokacin tahiyarmu ba a buɗe ta ba. Mutane kwale-kwale suke shiga su ƙetare kogin Kwara. Babba shi kaɗai yana iya yin shahada ya shiga, amma da jarirai biyu a hannu? Hanyar Burkina kuwa kowa ya san halin da take ciki. Dole sai jirgi, aljihu ya yi haƙuri.

A ajans ɗin da munka je yankan biye a Yamai, da ƙarfin gwiwarmu munka ce wa yarinyar da ke gaban kwamfuta ta ba mu kujera biyu a jere, ɗaya jikin taga, don uwar yara ba ta taɓa shiga jirgi ba, muna son tana kusa da mu. Ta danna, ta sake dannawa, ta ɗago ta ce na'ura ta ƙi. Gaskiya abin da ya fara zo mana a rai shi ne wani ƙarin kuɗi ake nema. Allah Ya yafe mana zato. Ta ɗauki takarda ta zana mana cikin jirgin, irin Boeing 737 ɗin nan mai hanya ɗaya a tsakiya, kujera uku dama, uku hagu: A, B, C, sai hanya, sai D, E, F. Ta ce a saman kowane jerin kujeru uku akwai wani akwati a rufe, cikinsa akwai abin shaƙar iskar oksijen da ke faɗowa idan iska ta zube daga cikin jirgi a sama. A yawancin jirage irin wannan huɗu ne a akwatin: uku na masu kujera, ɗaya na rara. Wannan na rarar shi ne rabon jaririn da ke kan cinya. Idan mu biyu munka zauna gefe guda da jarirai biyu, ga kuma fasinja na uku, hanci biyar ke nan a kan abin shaƙa huɗu. Ɗaya zai rasa, kuma a can sama daƙiƙu kaɗan ke raba mutum da hankalinsa.

Nan jikinmu ya yi sanyi. Mu da muke ganin mun yi lakkwal, mun karanta labarin jirage a rediyo ba adadi, ba mu taɓa sanin ana ƙirga hanci ba kafin a ba da kujera.

Uwar ƴan biyu ta ce to ai da sauƙi, ita ta riƙe su duka, mu mu zauna inda muke so. Anka ce mata a'a, babba ɗaya jariri ɗaya. Ta yi dariya ta ce: "Ni da nake goya ɗaya, in rungumi ɗaya, in dama fura?" Yarinyar ta ce goyon ma ba a yarda da shi a zaune ba, akwai ƴar ɗamara da ake maƙalawa a jikin ɗamarar uwa, da ita ake ɗaure yaro lokacin tashi da sauka, kuma ɗaya ce ke shiga. Macen da za ta yi tahiya ita kaɗai da ƴan biyu sai ta saya wa ɗayan kujera tasa, ta zo da irin kujerar jarirai ta mota wadda kamfanin jirgin ya amince da ita. Ku faɗa mana, gida nawa ne a Maraɗi ke da wannan kujera? Ga bambancin kuɗi: yaron da bai kai shekara 2 ba, in a cinya zai zauna, wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, ban da haraji. In ya samu kujera, kuɗinsa ya kusa na babba.

Sai munka zauna zaɓe kamar masu rabon gado. Layin ƙofar gaggawa, inda ake miƙe ƙafa, haramun ne ga mai jariri. Layin farko da ke fuskantar bango ba a barin jaka a ƙasa lokacin tashi, kuma ɗan gadon jarirai da ake rataya wa a bangon, manyan jiragen tahiya mai nisa ne ke da shi. Saura biyu: ko ɗaya a bayan ɗaya, ko C da D a layi guda, hanya a tsakani. Mun zaɓi C da D, can baya kusa da ban ɗaki inda ake canza wa yaro kush. Hanya ce kawai tsakaninmu, hannu na kaiwa, jaka ɗaya ta ishe mu.

Kafin mu bar gida Inna ta kira mu ɗaki. Ba ta damu da oksijen ba, abin da ya dame ta wa zai zauna wajen uwa. Kun dai san yadda ake da ƴan biyu a ƙasar Hausa: abin da ka yi wa Hassan ka yi wa Husaina, riga iri ɗaya, kyauta iri ɗaya, in ba haka ba tsofaffi su ce ka jira kunama a takalmi. Mun yi mata alkawarin adalci: ɗaya wajen tashi, ɗaya wajen sauka.

Ranar tahiya, bayan kilomita sama da 600 na kar daga Maraɗi da kwana ɗaya a gidan ƴan uwa, munka isa filin jirgin Diori Hamani a makare, don Husaina ta ɓata kayanta a bakin ƙofa. A gishe anka miƙo mana katin shiga, sai ga 9C da 24D. Layi goma sha biyar tsakani. Kujerun da munka zaɓa wai ba a tabbatar da su ba, jirgi kuma ya cika. Uwar yara ta dube mu, ba ta ce komai ba, amma hannunta na rawa a kan zanen goyo.

A cikin jirgi munka roƙi wani mai kwat da ke 24C ya koma gaba, kujerar ma ta fi tasa kyau. Ya ce shi inda anka rubuta masa nan zai zauna. Ba mu ja ba, haƙƙinsa ne, ko da yake har yanzu in mun tuna fuskarsa sai mun yi tsaki. Wata Hajiya ce daga 9D, cikin masu zuwa sarin atamfa a babbar kasuwar Lome, ta ji abin da ake ciki ta miƙe da kanta. "Ɗiyata, zo ki zauna nan kusa da mijinki." Otes ba ta bari an canza nan take ba, sai da ta duba ta tabbatar babu wani jariri a D, E, F na layin 9, ta leƙa saman kujerun, sannan ta kawo ƴan ɗamara biyu. Hajiya kafin ta wuce baya ta tsaya a kanmu ta gyara mana hannu: "Kai ɗana, ba rediyo ba ne, tallabe masa ƙeya."

Jirgi ya ɗaga, Husaina na shan nono hankali kwance, Hassan na hannunmu ya ture bibiro ya buɗe maƙogwaro. Uwarsa na nan, taku ɗaya, tana kallonsa yana kallonta, amma fitilar ɗamara a kunne, ba halin miƙa shi. Minti goma sha biyar ɗin nan sun fi mana shirin awa uku tsawo. Kuma mu faɗi gaskiya, ranar ce karon farko da munka riƙe ɗanmu shi kaɗai tsawon haka ba wata mace da ta karɓe shi. A gida ko ya yi ƙyas, Inna ko ƙanwarmu ta ɗauke. Sai ga mu muna jijjiga, muna yi masa surutan da ba za mu maimaita a nan ba, gaban mutum sama da ɗari.

Fitila na mutuwa munka yi musanya. Otes ta ce mu lura, sauka ta fi tashi zafi a kunnen yaro, don iska na ƙara nauyi tana danna dodon kunne, kuma haɗiya na buɗe shi. Babba ya yi hamma ko ya tauna cingam, jariri sai tsotso. Ashe adalcin Inna ya yi mana daidai ba da saninmu ba: Hassan mai ƙin bibiro shi ke wajen nono lokacin sauka, Husaina kuwa ta karɓi bibiro ta sha har ta yi barci a ƙirjinmu, iskar teku na jijjiga jirgi ba ta ko motsa ba. A dawowa mun karya alkawari, Hassan ya zauna wajen uwa tashi da sauka. Inna ba ta sani ba sai in wani cikinku ya karanta mata wannan. Kuma tun ana saura kwana ɗaya munka tabbatar da C da D ta waya, munka riga kowa zuwa gishe.

Mun iske Alhaji a kan tabarma a zaure, an jingina shi da matashi, ƙafar a naɗe. Ya ce a ɗora masa su. Munka miƙa Husaina, ya ce a'a, duka biyu. Anka ɗora masa ɗaya a cinyar dama, ɗaya a hagu. Ya shafa kan Husaina ya ce ga amaryarsa ta iso, ya juya ga Hassan ya ce shi kuma wannan ƙaton me ya zo yi gidan mutane, ko kwace masa mata zai yi. Hassan ya cafki gemunsa ya ƙi saki, tsoho na dariya har da tari, uwar ƴan biyu ta juya fuska bango tana gyara kallabi.